Ƙwanjin Kaka a Gadon Asibiti

Tsoron ya kama ta ne lokacin da ta zuge jakar kakanta tana neman katin asibiti, hannunta ya ci karo da wata ƴar kwalba da aka kankare sunan jikinta. Ƙwayoyi ne shuɗɗa a ciki. Da safen nan Kaka ya yanke jiki ya faɗi a gidan ɗaga ƙarfe, inda ya fi shekara arba'in yana murɗa jiki. Likita ya ɗebi jini, ya ce ƙoda yake zargi, ya kuma tambaya ko tsohon yana shan wani abu. Ta ce ba ta sani ba. Ita da bara ta gama digiri a kimiyyar sinadarai, ta san ba a kankare sunan magani a banza. Ta ɗauki kwalbar ta nufi ɗakin da aka kwantar da shi.

Ta same shi kwance da robar ƙarin ruwa, ya naɗe hannun riga don masu jinya su ga damtse.

"...da sauƙi, amarya, da sauƙi. Kin zo ki ga ko na mutu ki auri yaro?"

"Allah ya kiyaye, tsohon miji. Me zan yi da gadon tulin ƙarafa masu tsatsa?"

"Tsatsa? Da hannu ɗaya na ɗaga ubanki da kekensa."

"Yana ɗan shekara uku, keken ma na roba."

"Ji marar kunya. Taɓa nan ki ji dutse."

Ta taɓa. Saman da tauri, fatar ƙasan tana reto.

"Sama dutse, ƙasa labule. Kaka, bara fa ƙirjin nan ya gangaro yana gaida cibiya. Yaya aka yi bana ya koma mazauninsa?"

"Ƙwai da barci da tsoron Allah."

"Kazar da ta yi ƙwan ma ba ta da wannan ƙirjin."

"Hassada ce. Ke da iska ke ɗauka in an kunna fanka. Digirin naki ma ni na riƙe miki shi ranar hoto."

Ta ciro kwalbar ta ɗora a kan bargo. Idon Kaka ya koma kan silin.

"Bitamin ne."

"Bitamin ɗin da ake kankare wa suna?"

"Gumi ne ya cinye."

"Guminka har da reza yake yawo?"

"Ke, ni fa ban taɓa yin allurar ƙarfi ba. Ɗazu ma da za a ɗebi jinin nan sai da ƙarti biyu suka danne ni. Tambayi nas."

"Na ji ihunka tun daga bakin ƙofa. Shi ya sa ka zaɓi ƙwaya."

Ya yi tsaki. Ita kuma ta ajiye wasa.

"Kaka, likita yana so ya san tun yaushe, da nawa kake sha. In ba ka faɗa ba, lalube zai yi ta yi. Ni na ga lokacin da aka fito da kai, idonka a juye."

Ya dube ta, ya sauke hannun rigar a hankali.

"Laifin Mai Sanƙo ne," ya ce. Abokin hamayyarsa ke nan tun suna samari. "Mutumin da ya girme ni, haƙoransa a kofi suke kwana, rana ɗaya ya ɓullo da kafaɗu kamar firji ya ce wai wake ne. Ga gasar tsofaffi ta matso. In zuba masa ido?"

"Sai ka tambaye shi irin waken."

"Na tambaya. Ga shi nan a bargo."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Shi ma ya yi, har robar ruwan tana motsi.

"Tun da aka sanar da gasar nake sha. Ɗaya da safe. Biyu duk ranar da na gan shi ba riga."

"Yana sa riga kuwa?"

"Bai taɓa ba." Ya tura mata kwalbar da yatsa. "Kin ci, amarya. Kai wa likita. Ɗauki bel ɗina na fata a jakar, na ba ki, ki zagaya shi sau biyu ko iska ta ƙyale ki. Amma ubanki kar ya ji, sayar min da ƙarafa zai yi."

"Ni zan nemo masa mai saye."

Ta kai kwalbar, ta faɗa wa likita abin da Kaka ya ce. Likitan ya aika a kira Mai Sanƙo shi ma a gwada shi. Ta dawo ta zauna a bencin baranda, bel ɗin a cinyarta. Sakamakon jinin bai fito ba tukuna.