Hannun da Na Miƙa wa Likita

Duk Ƙofar Wambai an san ni da abu ɗaya: yaron da ya miƙo mini abu da hagu sai ya sha ranƙwashi. To, sai babban yatsana na hagu ya kama ciwo, har matsar ƙuli ta gagare ni, ga shi da ita nake ci. 'Yata Rabi ta ja ni asibiti.

Likitar yarinya ce. Rabi ta fita amsa waya, ita kuma ta ce, "Mama, kawo hannun." Ni da na sha tarbiyya, na miƙa na dama.

Ta ce in dunƙule, na dunƙule. Ta ce in taɓa kowane yatsa da babban, na taɓa. Ta bi jijiyoyin tana dannawa. "Da zafi?" Na ce ko kaɗan. A raina na ce, boko ke nan, an kasa gano ciwo. Da ta ce in matse yatsunta iya ƙarfina, na matse har ta yi salati.

"Mama, ai wannan ya fi nawa lafiya."

"Yo ni na ce miki shi ke ciwo, 'yar nan?"

Rabi ta dawo ta zaro mai ciwon daga cikin mayafina. Likita ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa.

Hagun dai ya warke. Amma har yau in na miƙa wa jikokina ƙuli sai su ce, "Kaka, wannan mai ciwon ne ko mai ladabin?"