Ranar da Manhajata Ta Ɗaura Mini Aure

Ko zan manta komai, ba zan manta da ranar da wani Oga mai kamfanin manhaja ya zo daga Abuja ya yi mana lacca a Jimeta ba. Ni kodin, wato rubuta manhaja, a waya na koya, a ɗakina na Sangere, ba malami. To, ku ga yadda nake gyaɗa kai yana magana.

"Kar ku tsaya jiran abu ya gama kyau," in ji shi. "Ku sake shi haka, mutane za su nuna muku inda ya karye."

Da ya tambayi wa ya gina wani abu, hannuna ya riga na kowa tashi. Manhajar gayyatar biki ce: ka sa sunan ango da amarya da ranar biki, ta tura gayyata ga duk lambobin wayarka. Aka haɗa wayata da majigi.

Abin da na manta shi ne sunayen da na yi gwaji da su. Ango, ni. Amarya, Fadimatu, 'yar jami'a da wata shida ina shirin gaishe ta ban samu ƙarfin hali ba. (Tana zaune a layi na biyu.) Ranar biki, Asabar mai zuwa. Ga sunayenmu ɓaro-ɓaro a bango, har da furanni.

Na rikice, na kai yatsa in rufe, na danna "Aika".

Ko minti ɗaya ba a yi ba, wayar ta yi ƙara. Goggona ce daga Girei. Oga ya ce, "Ɗauka, ai mai amfani da kayanka ta farko kenan." Na ɗauka, muryarta ta cika lasifika.

"Kai, Asabar ɗin nan? Bappanka ma bai sani ba. 'Yar gidan waye?"

"Goggo, gwaji ne."

"Auren ake gwadawa?"

Har mai gadi sai da ya leƙo ya ga me ake wa dariya.

Da aka tashi, Fadimatu ta same ni a bakin ƙofa ina neman Keke Napep. Ta ce, "Ka sa manhajar ta riƙa tambayar mutum ko ya tabbata kafin ta tura. Amaryar ma a ɗan tambaye ta."

Oga ya yi gaskiya, an nuna mini inda ta karye. Yanzu duk gwajina da Wane da Wance nake yi. Goggo dai har yau tana tambayar Fadimatu.