Ranar da Na Wanke Na'urar Asibiti

Godiya ta tabbata ga Allah mai rufa asirin bayinsa, tsira da aminci ga Annabi Muhammadu.

Bayan shekarun tashin hankali, an sake buɗe asibitin ƙauyenmu kusa da Tabla. Malamar asibiti, Hadiza, ta zo da na'ura mai fuskar gilashi, inda take rubuta yaran da aka yi wa rigakafi. Da za ta yi azahar, ta ba ni ajiyarta, don ni ne liman.

Na ga fuskar duk maiƙon yatsu. Shekara hamsin ina wanke alluna, ban ga abin tambaya ba. Na ɗauki buta, na yi bisimilla, na wanke ta tas.

Hadiza ta dawo, ta latsa, shiru. "Baba Liman, mi kay yi?"

"Tsabta, ɗiyata."

Sunayen sati guda suka ɓace, ba a kai ga aika su ofishin lafiya na garin Filinge ba. Kwana uku muna bin gida-gida cikin rana, tana sake tambayar uwaye.

Har yau, in na ɗauki buta, jama'ar masallaci sai su cusa wayoyinsu na salula cikin aljihu. Na gaji da kare kaina.

Allah Ya albarkaci mai karatu da iyalansa, Ya tsare kayansu daga irina.