Yadda Za Ka Kalli Fim Mai Ban Tausayi da Jikarka Ba Ta Ga Hawayenka Ba

Kai dattijo, saurara. Shekarata saba'in da shida a Matankari, ba wanda ya taɓa ganin hawayena. Ka bi matakan nan, mutuncinka zai tsira. Na gwada da kaina.

1. Ka ƙi tun farko
Jikarka za ta zo hutu daga lakwal, makarantar boko, a Dogon Dutsi, waya a hannu. Tawa Bushira ce. Za ta ce, "Tsohon mijina, zo ka ga fim. Na rantse yau sai ka yi kuka." Ka ce kallon yara ne. Sannan ka zauna, kada a ce tsoro ka ji.

2. Zaɓi wurin zama
Inda hayaƙin murhu ke bi. Idon da ya yi ja a cikin hayaƙi ba a tuhumarsa.

3. Ka soki komai
Yara biyu ne a fim ɗin, wa da ƙane. Sun haɗa mota da karan gero, wai za su Makka da ita. Ka ce ƙafafun sun karkace. Ka ce ba haka ake feƙe kara ba. Mai faɗa ba ya samun sararin kuka.

4. In ƙanen ya fara tari
Yi hattara, yaron fim ba ya tari a banza. Ka tambaya ko an ba tumaki ruwa. In an ce an ba su, sake tambaya.

5. Kada ka tuna kowa
Nan ragwaye ke faɗuwa. Wan zai ja motar shi kaɗai, yana magana da kujerar da ba kowa a kai. Kada ka tuna ka taɓa yin ƙane. Nawa Dalhatu ne. Shi ne direba, ni ɗan kamasho, ko da yake na girme shi. Sau uku muka kai Makka ta bayan rumbu kafin shekarar ƙyanda. Ni ko kaɗan ban tuna shi ba.

6. In ta juyo
Za ta ce, "Kaka, mi ya sami idonka?"
Ka ce, "Hayaƙi."
"An kashe wutar tun azahar. Kuma wane ne Dalhatu? Sau biyu ka kira shi."
Ka ce yaran yanzu ba su da kunya. Za ta ajiye wayar, ba dariya. To, ka gaya mata. A taƙaice. Sannan ka aike ta ta kawo kara da wuƙa, don dole wani ya nuna mata yadda ake ƙafar mota ta gaskiya.

Gargaɗi
Wanda ya bi matakan nan gemunsa ya jiƙe, shi ya sani, kada ya zo ƙofata. Ni dai hayaƙi ne. Motar tana bayan rumbu, Bushira ce direba.