Inda Na Ajiye Saƙonnin Nuhu

Ba zan taɓa mantawa da ranar addu'ar arba'in ɗin Nuhu ba, kuma tun kafin in yi nisa bari in faɗa: laifina ne. Ba na kwamfuta ba ne, ba na masu ɗauke wuta ba ne, ba kuma na Rukayya ba ne, ko da yake ita ta sha zargin na tsawon lokaci, ina tsaye ina kallo.

Ni akawu ne a ofishin Alhaji Damba, dillalin doya a Salaga. (In na ce ofis, ɗaki ne guda a jikin rumbun doya, da tebur, da fanka mai kuka, da tsohuwar kwamfutar tebur wadda sai an lallashe ta kafin ta tashi.) Karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba. Amma tun da Rukayya, 'yar Alhaji, ta samu aiki a ɗakin ajiyar bayanai na wani asibiti a Bawku, sai na zama ni ne mai boko a gidan. Kowa Akawu, Akawu. Kaina ya kumbura, ban kuma yi ƙoƙarin hana shi ba.

Nuhu shi ne babban ɗan Alhaji. Ya yi shekaru yana aiki a jirgin kamun kifi can tekun Turai. A tsakiyar ruwa waya ba ta kamawa, don haka imel yake aikowa ta kwamfutar jirgin zuwa adireshin ofishinmu. In saƙo ya zo, sai in aika a kira Alhaji, ya zauna a benci ya cire hula, in karanta masa. Wani lokaci da hoto, Nuhu cikin rigar sanyi yana riƙe da kifin da ya kusa kai shi tsawo. Sau ɗaya ma ya haɗo da muryarsa, yana gaida mahaifiyarsa, Mma Adisa, yana tsokanarta cewa har yanzu bai samu wanda ya iya miyar kuɓewa kamarta ba. Duk lokacin da na gama karatu, Alhaji zai ce, "Akawu, ka ajiye mini shi da kyau." Ni kuma in ce, "An gama, Baba Alhaji."

To, ga yadda nake ajiyewa. Tun farkon zuwana na lura akwai wani maɓalli a kibod, in ka danna shi saƙo yakan bar gaban allo ya koma wani wuri a gefe. In na leƙa wurin sai in tarar da shi lafiya lau. Na ce madalla, ga rumbu na samu, dannawa ɗaya kawai. Duk abin da nake ji da shi can nake tura shi. Na san abin da kalmar da ke jikin maɓallin take nufi, kada ku ce ban sani ba. Amma tunda abin bai taɓa ɓata ba, sai na ɗauka masu ƙera kwamfuta ne ba su san darajar abin da suka ƙera ba. Ban tambayi kowa ba. Akawu ba ya tambaya, shi ake tambaya.

Ciwo ya kama Nuhu a jirgi, kafin a kai shi gaɓa rai ya yi halinsa. Can aka binne shi. Ba gawa, ba kabarin da za a ziyarta, ko wayarsa ba ta dawo ba. Abin da ya rage wa iyayensa shi ne saƙonnin nan. Alhaji ya ce ranar arba'in, in an gama addu'a an raba waina, za a zauna da dangi in karanta su, a kuma sa wa Mma Adisa muryar ɗanta.

Ranar addu'ar da safe na kunna kwamfuta, na buɗe manhajar imel, sai ta sandare. Allo ya yi fari-fari, wani ɗan zobe yana ta juyawa. Na danna nan, na danna can, shiru. Na zare waya daga bango na mayar. Na hura iska a bayanta. Na ɗan mare ta a gefe kamar yadda ake yi wa rediyo. (Har tofi na yi mata, Allah ya yafe mini.) In ta tashi komai lafiya, da na taɓa imel sai zoben ya dawo.

Ina cikin zufa sai ga Rukayya, wadda ta iso daga Bawku a jajibirin ranar, idanunta duk sun kumbura. Bayanta ga direbobinmu da wasu baƙi sun biyo don su ga abin da ya tsayar da ni.

Ta ce, "Yaya Akawu, matsa in gani."

Ta danna maɓallai uku lokaci guda, ta rufe manhajar da ƙarfi, ta sake buɗe ta ta wata hanya da ban taɓa gani ba. Ta duba wani wuri, ta riƙe baki.

"Fayil ɗin da ke riƙe da saƙonnin ne ya cika maƙil, shi ya sa take maƙalewa. Kuma kusan duk nauyin a kwandon shara yake. Ba a taɓa zubar da shi ba ne? Bari in zubar. Akwai abin da kake so a ciki?"

Kwandon shara. Ta nuna shi da yatsa, rumbuna ne. A wannan lokacin na gane komai, babu abin da ya shige mini duhu. Abin da ya kamata in ce bai fi kalma biyu ba: dakata tukuna. Amma na ɗaga kai na ga direbobi a bakin ƙofa, mutanen da nake yi wa tsawa in sun taɓa tebur da hannun doya. Na ji a raina yadda labarin zai zaga tasha kafin azahar, cewa Akawu a shara yake ajiyar Alhaji. Sai na yi wa kaina ƙarya cewa ai in an zubar ma wani wurin zai koma, kamar yadda ya saba.

Na ce, "Shara kuma? Me zan yi da shara? Zubar."

Ta zubar. Manhaja ta buɗe garau, har wani direba ya tafa.

Bayan addu'a aka ɗauko kwamfutar zuwa zaure. Alhaji ya zauna, Mma Adisa tana daga bakin ƙofar cikin gida da mata. Na buɗe rumbuna, wayam. Na yi ta hawa da sauka da linzamin kwamfuta kamar mai neman wani abu, alhali na san babu. Rukayya ta karɓa ta duba ta intanet, nan ma babu, domin wanda ya saita kwamfutar tun farko ya sa tana kwaso saƙo gaba ɗaya, ba ta barin kwafi a can.

Alhaji ya ce, "Akawu, ina saƙonnin yarona?"

Na ce, "Wallahi Baba Alhaji, jiya suna nan. Yau da safe ne dai aka taɓa ta."

Ban ambaci suna ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan. Amma duk zauren ya juya ya kalli Rukayya. Wata gwaggonta ta ce, "Karatun ke nan? Ki zo daga Bawku ki share ɗan'uwanki?" Mma Adisa ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki. Rukayya ta kalle ni kallo ɗaya, tana jiran in yi magana. Na sunkuyar da kai ina gyara wayar kibod. Washegari ta kama hanyar Bawku ba tare da ta karya ba. Na ji an ce in ta kira waya, mahaifiyarta takan amsa gaisuwa kawai ta miƙa wa wani.

Ni kuwa na ci gaba da aiki da kwamfutar, saƙonnin masu sayen doya suna shigowa, ina amsawa, ina cin tuwon gidan.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Malam Yahuza, ƙanin Alhaji da ke koyarwa a Yendi, ya ce akwai wani mai gyara kusa da kasuwarsu, a kawo a gwada. Na naɗe kwamfutar a bargo, na rungume ta a cinya tun daga Salaga, ta Bimbila, har Yendi, kowane rami a hanya ina jin sa a haƙarƙarina. A zuciyata ina addu'a biyu masu karo da juna: Allah ya sa a samu, Allah ya sa kada a gane.

Mai gyaran, Fuseni, Badagombe ne mai Hausar kasuwa. Ya fara kwafe fayil ɗin gefe guda kafin ya taɓa komai, sannan ya sa wata manhaja ta bi cikinsa tana tono. Ya yi wa Malam bayani cewa in an zubar da shara, saƙo ba ya mutuwa nan take, yana kwance har sai sabo ya zo ya hau kansa.

Ya tambaye ni, "Bayan abin ya faru, kun kashe shi kun ajiye, ko?"

Na ce, "Mun ɗan yi aiki da ita kaɗan."

"Kaɗan," in ji shi, ya girgiza kai. "Masta, kowane saƙon doya da ya shigo, ya taka wani."

Wajen la'asar saƙonni suka fara fitowa. Na Nuhu, da kuma wasu da ban so Malam ya gani ba: bidiyon ƙwallo da abokaina ke turo mini, da hotunan bikin wani abokina, da ni cikin tabarau ina jingine da motar da ba tawa ba. Su ne suka cika fayil ɗin tun farko. Malam ya kalli hoton, ya kalle ni, ya ce, "Akawu, ashe ka yi mota ba mu sani ba."

Fuseni ya mayar da saƙonnin Nuhu cikin manhajar, ya ce in zauna in duba ko su ne. Na buɗe na farko. Nuhu ne, yana ba da labarin azuminsa na farko a teku, yadda rana ta ƙi faɗuwa. Na karanta a bayyane kamar yadda na saba, Malam yana share ido da gefen rawani. Da na kai ƙarshe, Malam ya ce, "Allah ya jiƙansa. A ajiye wannan da kyau."

Yatsana bai yi shawara da ni ba. Ya tafi inda ya saba zuwa shekara da shekaru, ya danna. Saƙon ya ɓace daga allo.

Fuseni ya daka tsalle. "Kai! Me ka yi?"

Bakina ma bai yi shawara da ni ba. Na ce, "Ajiyewa na yi."

Fuseni ya buɗe kwandon shara, ga saƙon Nuhu shi kaɗai a ciki. Ya kalli Malam, ya kau da kai. Da ya yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Malam Yahuza ya ce a hankali, "Nan kake ajiye su tun da can?"

"Eh, Malam."

"Yarinyar ta tambaye ka kafin ta zubar?"

"Ta tambaya."

"Ka ce mata me?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Kwamfuta za ta koma Salaga tare da ni. Kai hanyarka daban ce."

Yawancin saƙonnin sun dawo, har da hotunan kifi. Muryar ba ta dawo ba. Fuseni ya samo sunan fayil ɗin, amma cikinsa ya lalace. Wani saƙon doya ya hau kansa a kwanakin da nake zaune ina rufa wa kaina asiri. Da na yi magana ranar, da ba a zubar ba. Da na yi magana washegari, da an kashe kwamfutar an samo muryar. Na ji kunyar direbobi na minti ɗaya, Mma Adisa ta rasa muryar ɗanta har abada. Yanzu na koyi buɗe folda in sa mata suna, kuma in ban gane abu ba nakan tambaya, ko da gaban duk tashar Salaga ne. Ashe ba a mutuwa.

Na kira Alhaji da Mma Adisa daga Yendi na faɗa musu da bakina kafin Malam ya isa. Alhaji ya ce, "Na ji," ya kashe. Daga nan na hau motar Bawku. Na sami Rukayya ta taso daga aiki, a bakin ƙofar gidan da take haya, tana riƙe da ledar albasa. Ta tsaya, ba ta ce in shigo ba.

Ta ce, "Yaya Akawu, lafiya? Ko ta sake sandarewa ne?"

Na durƙusa a nan kan titi, masu babur suna wucewa suna kallo. Na ce, "Rukayya, ke kin tambaye ni, ni na ce ki zubar, kuma na san abin da ke ciki. Na bari aka zage ki a ranar addu'ar ɗan'uwanki don kada a yi mini dariya. Na faɗa wa Baba da Mma gaskiya. Muryar Nuhu ba ta dawo ba, kuma ni na jawo. Ban zo da wani uzuri ba. Ki yafe mini, don Allah."