Rasuwar Kwamfutar da Muryar Hajja Ke Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Zuhura, a madadin gidanmu da ke unguwar Alsawra ta Umdurman a ƙasar Sudan, nake sanar da 'yan uwa rasuwar kwamfutarmu, wadda ta kwanta ranar Talata, ba ta sake tashi ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha zafi da ɗaukewar wuta ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai fankarta ta ce "fuuu" ta ci gaba da aiki. Ita ta riƙe mana amanar muryar kakata, Hajja Talatu, wadda aka naɗa kafin Allah ya karɓe ta, tana ba da labarin tahowarsu daga Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji. Kullum da tari take farawa, sannan ta ce, "To, ina muka tsaya?"

Ciwon ajalinta ya zo ta hannun maigidana Uthman. Yana neman wurin zuba wasannin ƙwallo, ya ga wani ɗan ƙaramin sashe a faifan ajiyarta, ya ce ba kowa a ciki, ya goge. Ashe nan fayilolin da ke tashe ta suke. Tun daga ranar, in an kunna ta sai baƙin allo da rubutu layi ɗaya.

Likitanta Gwadabe ya shaida mana ta waya cewa duk abin da ke cikinta na nan lafiya, ƙofar ce kawai babu. Gyara ne mai sauƙi, in ji shi. Amma yana kasuwar Suk al-Shabi a tsallaken kogi, yaƙi ya rufe gada, ba shi da hanyar zuwa, mu ma haka.

Ta rasu ta bar ni, da caja ɗaya, da 'ya'yana Iman da Hadil, waɗanda Larabci ya cinye musu baki, a wurin muryar Hajja kaɗai suke zama su saurari Hausa. Ta kuma bar Uthman, wanda bai ƙara zancen ƙwallo ba.

An ɗage jana'iza sai an buɗe gada. Mun naɗe ta a mayafin Hajja. Maƙwabcin da ke cewa a goge ta kaf a zuba sabo, mun gode, ya tsaya daga zaure.

Ana karɓar gaisuwa bayan la'asar. Tsofaffin da suka san sauran labarin, don Allah ku zo. A sauraronmu na ƙarshe mun bar Hajja tana yarinya a bakin kogi, tana jiran kwalekwale, kuma har yau ba mu ji yadda ta haye ba.