Ɗankwalin Makka a Cikin Salansa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren ƙanwar mijina ba. Surukina, da muke ce wa Baba, yana da wata tsohuwar mota da ta girme ni, ta shekara biyu a tsakar gidanmu na Gwange ba a taɓa ta ba. Ranar ya rantse a cikinta zai je masallaci, ko a ɗaura babu shi.

Aka kira Malam Modu bakanike. Ya sa sabon batir, ta yi tari ta mutu. Ya ce tsohon fetur ne, aka zuƙe aka zuba sabo. Ya kankare fulogi, ya kwance kafireta ya wanke (ni dai sunayen nake haddacewa, ban san aikin ko ɗaya ba). Sai ta tashi kamar gaske, ta shaƙe, ta sake mutuwa. Baba yana zaune a ciki da babbar riga, gumi har gemu.

Na matsa kusa da surukata na ce, "Hajja, anya ba baki aka yi wa motar nan ba?" Har turare na miƙa a turara ta.

Malam Modu ya zagaya baya, ya tara hannu a bakin wani bututu. "Salansa ba ta numfashi. Wa ya toshe ta?"

Wallahi har lokacin ban gane ba, waige-waige nake ina taya su neman mai laifi. Sai da ya zura waya ya fara jawo wani ƙyalle kore na tuna. Lokacin da 'yata Fanna ta fara rarrafe, kullum hannunta na cikin ramin nan, ni kuma tsoron kunama ya hana ni sukuni. Abin da ke kaina na cire na cusa da muciya. Na ɗauka rami ne kawai!

Ya yi ta ja, ƙyalle ya yi ta fitowa. Ɗankwalin da Hajja ta kawo mini daga Makka ne, wanda sau biyu tana tambaya ina cewa yana akwati.

Motar ta tashi da rugugi. Hajja ta ɗaga ɗankwalin da yatsa biyu, rabinsa ya yi baƙi ƙirin.

"Maman Fanna, akwatin naki hayaƙi yake yi."

Baba ya isa a kan lokaci. Ni kuwa yanzu ko ramin ɓera na gani, sai na tambaya ko yana da aiki.